Matar da Ta Rina 'Yan Tsakin Unguwarmu

Kafin masu shayi su hura wuta, Uwar Tsaki ta riga ta fito. A hannun dama tana riƙe da wata tsohuwar kula wadda marfinta ya tsage aka ɗaure da roba, cikinta ƙanƙara ce da 'yan kwalaben rigakafin kaji. Ba ta da sauri, amma ba ta tsayawa hira a hanya, don ta ce maganin nan da zafin rana ba sa ga-maciji. Takan buga ƙofa da gwiwar hannu, ta yi sallama, kafin a gama amsawa ta riga ta durƙusa a bakin akurki. Ta cafko kaza, ta matse ta a hammata, ta ɗiga mata magani a ido, ta jira ta ƙifta, ta sake ta, ta cafko ta gaba. Zakaran da ya gagari mutanen gida, wanda ke korar baƙi har bakin titi, in ya shiga hannunta sai ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Haka muka tashi muka gan ta, haka 'ya'yanmu suka tashi suka gan ta. Sunanta na yanka ya ɓace mana tuntuni. Ko maigidanta, tsohon direban babbar mota, in ya so tsokana Uwar Tsaki yake ce mata, ita kuwa ta ce masa ai gara ita, 'ya'yanta ba sa shan fetur.

A wannan makon ta ajiye aikin. Gwiwoyi sun ce sun gaji da durƙuso, surukarta ce ta karɓa. Da za a tsaya kan kajin da ta tserar mana daga annobar da ke share akurki duk shekara, da ya isa a jinjina mata a tashi. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa tsayawa ya gode mata a kansa. Shi ne maganar shaho.

Da can akwai shahuna a dutsen da ke bayan gari. Tsofaffi sun san su. Sai suka yi ta raguwa, da guba, da harbi, da kwashe ƙwai, har aka wayi gari babu ko ɗaya. Mu dai ba mu yi kukan rashinsu ba, gaskiya ke nan. Abin da muka gani kawai shi ne ƙananan tsuntsaye sun yi yawa, suna sauka gona kamar an gayyace su, su cinye hatsi tun yana tsaye. Ana nan sai ma'aikatan gandun daji suka kawo wasu 'yan shahuna da suka rena a wani wuri, kowanne da zobe a ƙafa, suka sake su a dutsen. Aka bar wata matashiya ta riƙa lura da su. Kullum madubin hangen nesa na rataye a wuyanta, shi ya sa muka sa mata Mai Madubi.

To, shaho bai san an yi masa iyaka ba. Wani namiji da macensa suka duba dutsen nan suka ga bai yi musu ba, suka taho tsakiyar unguwa, suka tare a saman tankin ruwa. Daga can kuwa kowane tsakar gida a tafin hannunsu yake. Kaza ta fito da 'ya'yanta kiwo, sai ka ji fuu, ka ji ihun kaza, ka duba ka ga tsako ya tafi. Wallahi ran mutane ya ɓaci, kuma suna da gaskiyarsu. Tsakon nan shi ne takalmin makarantar wani, shi ne maganin wata.

Ba a daɗe ba aka tsinci ɗaya daga cikin shahunan dutse a mace a bayan makaranta. An cusa maganin ɓera a cikin mushen tsako aka ajiye masa. Aka kuma tsinci wani da karyayyen fiffike, aikin danƙo. Mai Madubi ta zo ta ɗauke su cikin kwali, idanunta jawur. A hanya ta haɗu da Uwar Tsaki, ta ce mata, "Inna, manyana sun ce in abin ya ƙi lafawa, in kama na tankin nan a mayar da su inda aka ɗauko su. Ga shi macen tana kwance kan ƙwai. In aka taɓa su yanzu, shekarun da muka yi muna wahala sun tafi a banza."

Duk wanda ya san sana'ar Uwar Tsaki zai ɗauka ita ce za ta fara cewa a kwashe, Allah ya raka taki gona. Ai ba wanda ya kai ta jin asarar tsaki a zuci. Amma ita ke shiga kowane gida, ita ta ga abin da sauranmu ba mu haɗa ba. A gidan da aka ajiye gubar, kajin gidan ma sun tsattsaga sun mutu, an kwashe su a buhu. Kyanwar maƙwabta ta bi. Kuma akwai wani abu da ta daɗe tana jin kunyar faɗa: tana son tsuntsun. Tun tana yarinya take son ganin yadda yake naɗe fukafukai ya sulmiyo daga sama. Mai allurar kaji da son shaho! Wa za ta gaya wa?

Shugaban masu cewa a kashe ba wani bare ba ne, ƙanin mijinta ne, Mai Faci, wanda shagonsa ke gindin tankin. Yana kiwon kaji a bayan shago, kuma shi shaho ya fi yi wa ɓarna. Mutum ne mai baki, in yana magana har injin ba da iska sai ya saurara. Wata ranar da yamma maza suka taru a bencinsa ana shawarar yadda za a gama da tsuntsayen, sai ga ta ta ratso tsakiyarsu ta zauna kan wata tsohuwar taya.

"Matarmu, nan zaman maza ne," in ji Mai Faci.

"Na gani, ƙaramin maigida. Maza cike da benci, an taru a kan tsuntsu guda biyu. Sannunku da yaƙi."

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ce, "Ke dariya kike gani. Ni 'yan tsakina ake kwasa kamar na gwamnati."

Ta ce, "Na sani, kuma ya dame ni. Abu ɗaya nake roƙo. Ku ajiye guba da danƙo zuwa ƙyanƙyasar kaji mai zuwa. Ku bar ni in sa hannu a gidajenku. In shaho ya ɗauki tsako a gidan da na sa hannu, ni da ƙafata zan je in ce wa yarinyar nan ta zo ta kwashe kayanta."

"Kowa ya ji?" in ji Mai Faci, yana waige-waige. "Da bakinta ta faɗa."

Kowa ya ji. Kuma kowa ya san abin da ta ɗora a faifai. Matar nan ba ta da takarda, ba ta da ofis. Maganarta ce kawai ke buɗe mata ƙofofi. In ta faɗi ƙasa, gobe wa zai miƙa mata kazarsa ta ɗiga mata abu a ido?

Ba da ka ta yi alkawarin ba. Kwanakin baya, a gidan wata tela, ta ga wasu 'yan tsaki da suka faɗa bahon wanki mai ruwan bula suka fito shuɗaye shar. Shaho ya yi ta ɗibar 'yan'uwansu, su kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ta kai wa Mai Madubi labari. Ita kuma ta ce ta taɓa jin ana yin haka a wasu wurare, amma ba ta da tabbas, a dai gwada. Ta ja mata kunne kada a sa fenti ko ruwan rini, a nemi kalar da masu yin kek ke zubawa, a kuma kafa 'yan gajerun rumfuna a tsakar gida inda tsaki za su ruga in kaza ta yi ƙara.

Ranar farko abin ya zama wasan kwaikwayo. A gidanta ta fara, da tsohon buroshin haƙori da kofi. Ta rina 'yan tsakinta ruwan hoda tas, ta shanya su a rana, ta mayar wa uwarsu. Kazar ta leƙo, ta miƙe wuya, ta dube su da idon dama, ta juya ta dube su da na hagu, sai ta kwarma ihu ta haye katanga. Su kuma suka bi gindin katangar suna kuka. Maigidanta ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "To, kin raba su da shaho, kin kuma raba su da uwarsu. Saura ki kwanta musu da kanki." Ta zauna ta yi tunani, washegari ta canza dabara: sai dab da magariba take rina su, ta cusa su ƙarƙashin uwar su kwana, ta kuma ɗan shafa wa uwar kalar a fiffike. Gari na wayewa kaza ta fito da ayarinta kamar ba abin da ya faru.

Kuskure na biyu ya fi na farko hayaniya. Kala ɗaya ta saya, ta bi layi guda ta rina kowa da ita. Da can kowace mata ta san tsakinta da zanen bayansu. Yanzu duk sun zama ruwan hoda, ga su suna ratsa magudanar ruwa daga wannan gida zuwa wancan. Kafin azahar tela da matar mai gyaran rediyo sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, kowacce na rantsuwa nata ne. Uwar Tsaki ta zo ta tsaya tsakaninsu, ta ce, "Ku yi haƙuri, laifina ne, na yi wa unguwa anko." Daga ranar kowane gida ya samu kalarsa. Gidan tela kore, gidan mai rediyo ruwan goro, na malamin makaranta shuɗi. Mai Faci ya zo a makare, ya tarar saura shunayya.

Baƙo in ya shigo unguwarmu a lokacin, sai ya tsaya ya murza ido. Direbobi na rage gudu suna leƙe. Mu kuwa muka riƙa ɗaga kai muna kallon ikon Allah: shaho ya zagayo, ya yi shawagi a kan tsakar gida, ya wuce gona ya kamo tsuntsunsa. Ba mu ce mun san abin da ke ransa ba. Ko kalar ce, ko rumfunan ne, ko duka biyun, mu dai asara ta tsaya. Mutanen da jiya ke gyara danƙo, yau su ke tare Mai Madubi a hanya suna ba ta rahoto: an ƙyanƙyashe, mun ji kuka, namijin ya kai abinci. Har aron madubin ake yi.

Ke ce kika yi wannan, Uwar Tsaki. Ke ce kika bi gida-gida da buroshi bayan kin gama zagayen rigakafi, yatsunki kala-kala kamar na mai sayar da alawa, ba wanda ya ba ki ko sabulun wankewa. Mai buɗe ƙofa da gwiwar hannu, ba ki taɓa ce wa kowa jahili ba don ya ji haushin asararsa.

Sai ga ranar da ake gudu. Shaho ya sauko bayan shagon Mai Faci, ya sure tsako a gaban mutane. Gida ne da ta sa hannu. Mai Faci ya taho har ƙofar gidan wansa, ko zama bai yi ba, ya ce, "Matarmu, alkawari."

Ta je ta duba sauran tsakin. Sun fara fitar da sabon gashi, kalar ta koɗe, saura ɗan alama a wuya. Ta san dalili sarai. Ta zo sabunta musu rini ba sau ɗaya ba, yana ce mata ta dawo gobe, don masu kawo faci sun sa shi gaba da tsiya, suna kiransa mai kajin kwalliya. Da ta so, a wurin za ta tona shi, kuma da an ba ta gaskiya. Amma ranar da ta yi alkawari ba ta sa sharaɗi ba. Ta juya ta nufi masaukin Mai Madubi, ta ce mata, "'Yata, na faɗi. Ki zo ki kwashe su." Ta dawo gida ta zauna, ko abinci ta kasa ci. Maigidanta da bakinsa ya gaya mana ranar bai iya tsokanarta ba.

Aka sa ranar da za a zo kamun. Da safiyar ranar, Mai Faci na durƙushe yana cire taya, sai ya ji fanjam a bayansa. Akwai wani baho da yake cika da ruwa yana tsoma tif don gano inda ya huje. Ya waiwaya, sai ga ɗan shaho a ciki. Ashe gwajin tashi ya yi daga saman tanki, fukafukan ba su gama ƙwari ba, ya faɗo. Yana ta fafutuka, ruwa na shiga bakinsa.

Waɗanda ke bencin sun ce ƙarfen cire taya na hannun Mai Faci. Sun ce ya tsaya a kan bahon nan yana kallo. Sai suka ga ya yar da ƙarfen, ya tsoma hannu biyu ya tsamo shi. Ɗan banzan tsuntsun, maimakon godiya, ya kafa masa farata a babban yatsa. Mai Faci ya yi ƙara, ya zage shi tas, amma bai sake shi ba. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi, ya bi titi daga shi sai singileti, jini na ɗiga, yana kwala kira: "Matarmu! Matarmu! Fito ki ga abin da ya same ni!"

Ta fito ta karɓa, ta matse shi a hammata yadda take yi wa zakaru, ta goge shi da tsumma. Zuciyarsa na bugawa a tafin hannunta. Mai Faci ya sunkuyo yana leƙe, ya ce da ƙaramar murya, "Ashe ba shi da nauyi. Duk gashi ne. Zai rayu kuwa?"

Ana cikin haka motar gandun daji ta tsaya, Mai Madubi ta sauko da keji. Mai Faci ya sha gabanta.

"Ina za ki da wannan?"

"Baba, ai ku kuka ce a kwashe."

"Wa ya ce? Tsakon da aka ɗauka na wane ne? Nawa ne. Ni ke da ƙara, na kuma janye." Ya juya ga mutanen da suka taru, ya share gumi. "Kuma ku ji da kyau. Matar nan ta zo ta sabunta rini na hana ta, saboda bakinku. Ta sani, ta rufa min asiri. To na tona kaina, sai ku yi dariyar ku gaji."

Aka kuwa yi dariyar. Uwar Tsaki ma ta yi, tana yi tana share ido da gefen mayafi.

Mai Madubi ta duba ɗan shahon ta ce lafiyarsa ƙalau, in an mayar da shi sama iyayen za su ci gaba da ciyar da shi. Ta kama tsanin tankin za ta hau, Mai Faci ya ce Allah ya kiyaye, abin da ya faɗo bahonsa shi zai mayar. Ya ari hular kwano wurin wani mai babur, aka sa tsuntsun a bokiti aka rufe da riga, ya rataya a kafaɗa. Mutum mai tumbi, ga tsani siriri, ga uwar shaho na kawo masa sura tana ƙwanƙwasar hular, shi kuma yana ta faɗa mata, "Ke, ɗanki na kawo miki, marar mutunci!" Unguwa kaf ta fito tana ba shi umarni daga ƙasa. Da ya sauko, sai da aka ba shi ruwa. Kafin la'asar aka ga namijin ya sauka da abinci a bakin sheƙar. Mai Madubi ta mayar da kejinta mota yadda ta kawo shi, ba komai a ciki.

Shekaru sun shuɗe tun daga ranar. Jikokin shahunan nan sun koma dutse sun cika shi, wasu sun tafi garuruwan da ba mu sani ba. Har yanzu akan yi asarar tsako jefi-jefi, ba za mu yi ƙarya ba, amma ba wanda ya ƙara ajiye guba a unguwar nan. In ma'aikata suka zo da baƙi, tankin ake nuna musu, a ɗauki hoto, a tafi. Ba a cika tambayar wace ce ta tsaya ba.

To mu mun sani. Mun gode, Inna. Mun gode da kika ɗora mutuncinki a kan abin da ba zai taɓa sanin kin yi masa ba. Mun gode da kika cika alkawari a ranar da cika shi ya fi komai ciwo. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka miki da alheri. Ku kuma masu karatu, ku duba unguwarku. Da wuya a rasa wani abu mai rai da ake shirin gamawa da shi, ba don mugunta ba, sai don an rasa wanda zai ratso taro ya ce a dakata a gwada wata hanya. Ba sai kana da ofis ba. In mutane sun yarda da kai, ka riga ka samu abin aiki.

Abin da ba ta so a faɗa, amma za mu faɗa, shi ne ba gwiwoyi kaɗai suka gaji ba. Idanun ma sun yi rauni, abin da ya yi nisa sai dai ta ga hazo-hazo. Da yamma takan sa a fito mata da kujera ƙofar gida, ta ɗaga kai sama, ko da yake mun san ba ta hango komai. Sai unguwa ta ɗauke mata aikin ba tare da an yi shawara ba. Tela in za ta wuce ta ce, "Inna, suna nan, biyu ne a kan tanki." Malamin makaranta ya ce ya ga ɗaya ya nufi gona. Jiya muna tsaye, Mai Faci ya ɗago daga ƙarƙashin wata mota, ya kwala mata kira daga tsallaken titi: "Matarmu, ga shi nan daidai kanki, ya naɗe fukafukai!"

Ta ɗaga fuska, ta yi murmushi, ta ce, "Faɗa min a hankali, ƙaramin maigida. Kada ka tsallake komai."